Golmon da Mika Ya Yi Mini

A shekarar 1956 na fara haɗuwa da Mika, ranar da na kama aiki a ɗakin gwaji na asibitin mishan a Zuru. Shi ne mai gadin ƙofa. Na zo da gajeren wando mai sitati da alƙalami a aljihu, shi kuwa yana zaune bisa turmi kamar an dasa shi.

"Mi ya kawo ka, Malam?" in ji shi.

"Ni ne sabon mai duba madubin likita."

"To, shiga. Ka dai yi hankali kada wandon ya karye."

Aikina shi ne shuka ƙwayoyin bakteriya daga bayan gidan marasa lafiya a faranti mai sukarin madara. Na cikin kowa da kowa sukan ci sukarin su yi ja, na atuni kuwa ba su iyawa, sai su fito fari-fari. Likitarmu, wata Baturiya mai yawan karatu, ta gaya mini cewa masu jan ba su ƙera kayan cin sukarin sai ya iso. A 1959 ta ƙara da cewa masana a Faransa, ta hanyar haɗa jinsin ƙwayoyin da juna, sun gano akwai wani abu a cikin gadon halittarsu mai tsare ƙofa. Sukarin madara na zuwa sai mai tsaron ya kauce, ma'aikatan da ke cin sukarin su fito gaba ɗaya.

Na ɗauki wannan ilimi na kai wa Mika da zafinsa.

"Kai ne sak! Zama kawai, da hana shiga."

"Ashe har cikin kashi akwai ɗan'uwana," ya ce. "Ka gaishe shi."

Shekara biyu kafin nan an kawo mahaifiyarsa daga Danko, gudawa ta kusa gamawa da ita. Ni na ga fararen ƙwayoyin a faranti, likita ta ba da magani, tsohuwa ta tashi. Na yi ta jiran godiya. Kowace safiya nakan rage tafiya a bakin ƙofa don in ba shi dama, shi kuwa sai ya tambaye ni lafiyar wando.

A daminar 1959 na nemi auren Margaret. Mahaifinta yana zuwa coci, amma ya ce shi da golmo ya auri uwarta, wato noman shekaru da saurayi da abokansa ke yi wa suruki. Ya sassauta mini shekarun, ya ce in nome masa gonar dawa kafin ciyawa ta cinye ta. In na kasa, akwai wani saurayi daga Mahuta mai tawagarsa a shirye. Ni kuwa abokaina duk 'yan makaranta ne, mun fi sanin waƙoƙin coci a kan ƙotar fartanya.

Na je ni kaɗai. Kafin hantsi tafin hannuna ya yi bororo, na kuma sare dawa fiye da ciyawa. Margaret ta kawo mini ruwa, ta dubi kunyar da na yi, ta ce, "Japhet, Baba fa noma ya ce, ba girbi ba."

Washegari na isa gonar ina tunanin yadda zan taya ɗan Mahuta murna. Sai na tarar da samari a jere, fartanyoyi na tashi suna sauka tare, Mika a gaba yana ba da waƙa da C'lela, harshen mutanen Zuru. Ashe shi ne jagoran 'yan golmon unguwarsu, kuma ba mai ɗaga fartanya sai ya tashi. Kafin la'asar gona ta yi fes.

Na matsa in yi masa jawabin godiya, har na tsara shi a kaina sakin layi uku. Ya saɓa fartanya a kafaɗa bai saurara ba.

"Inna tana gaishe ka," ya ce. "Ka tafi likita ta ɗaure maka hannun nan."

Da safe na same shi bisa turminsa, ya tambaye ni lafiyar wando.