Likitan Shawara da Askar Yayana

Ina koyarwa a wata firamare a Potiskum lokacin da aka kawo wani likita asibitin garin, shekaru kaɗan bayan yaƙin basasa. Mutumin ƙasar Fika ne, ya yi karatu a kudu. Yana duba marasa lafiya kamar sauran likitoci, amma abin da ya fi damunsa shi ne shawara, ciwon nan da ke mayar da idon mutum kamar an zuba masa manja. Shi ya sa aka laƙaba masa Likitan Shawara.

Matata ce ta haɗa mu. Ta kwanta da zazzaɓi da amai, idonta ya yi ɗorawa. Mun gwada saiƙo da jiƙe-jiƙe, babu sauƙi, na kai ta asibiti. Bayan ya duba ta, sai ya zaunar da ni ya shiga tambaya. Wace rijiya muke sha? An taɓa yi mata allura a kasuwa? An yi mata ƙaho? Na ce an yi, watannin baya, kuma yayana ne ya yi mata, don shi ya gaji mahaifinmu a wanzanci.

"Zai yarda in zo in ga aikinsa?" in ji shi.

Yaya bai so ba. Da na gaya masa, cewa ya yi, "Wato ka je ka kai ƙarata wurin masu farar riga." Amma da likitan ya zo unguwarmu ta Hausari ranar wata Lahadi, ya tuɓe takalmi ya zauna a tabarma yana gaisuwa cikin Hausarsa mai ƙamshin Bolanci, sai Yaya ya rasa ta inda zai kore shi. Likitan ya yini yana kallo. Yaya ya yi wa mutane aski, ya kafa wa wani dattijo ƙaho a baya, yana goge askar da tsumma ya mayar zabira.

Da mutane suka watse, Yaya ya ce, "To, likita, askata ce ke kashe jama'a?"

"Ban sani ba tukuna, Sarkin Aska," ya amsa. "Nema nake. Shawara ba iri ɗaya ba ce. Akwai ta ruwa da abinci, akwai wadda ke bin jini. Ita ta jinin nake so in gane hanyar da take bi a ƙasarmu. Allurarmu ta asibiti ma ina tuhumarta."

Wannan magana ta ƙarshe ce ta sanyaya Yaya. Ya miƙa hannu aka ɗebi jininsa, ya kuma sa abokan sana'arsa suka yarda. Likitan yakan tura jinin kudu a akwatin ƙanƙara, don babu kayan awon a garinmu, sai a daɗe ba a ji komai ba. Kafin sakamako ya dawo matata ta warke, ta koma tuyar ƙosanta.

Sakamakon Yaya bai yi daɗi ba. Ciwon yana jininsa, ko da yake ko ciwon kai ba ya yi. Likitan ya faɗa masa a gabana, bai ɓoye komai ba. Ya ce ba shi da maganinsa, kuma ba zai iya rantsuwa cewa daga wurinsa matata ta ɗauka ba. Yaya ya tambayi abin da zai yi. Aka ce ya riƙa tafasa aska bayan kowane mutum.

Ya sayi ƙaramar tukunya da kurfotin gawayi, ya ƙaro asake. Wasu wanzamai suka riƙa yi masa ba'a wai ya koma sayar da shayi. Wasu masu zuwa aski suka gaji da jira suka sauya wuri. Bai fasa ba, kuma yaran da ya koya wa sana'a haka suka tashi suka gani.

Aka yi wa likitan canji zuwa wata jami'a, ba mu sake ganinsa ba. Wajen ƙarshen shekarun saba'in wani sabon malamin asibiti da aka tura Gadaka ya sauka gidana, ɗan abokina ne. Cikin hira ya ce a makarantarsu da rubuce-rubucen likitan aka koya musu ciwon hanta mai kawo shawara, har malaminsu yana cewa likitocin ƙasashen waje suna kafa hujja da su. Ya ce an koya musu kada su yi wa mutum biyu amfani da allura ɗaya ba tare da sun tafasa ta ba.

A lokacin Yaya ya riga ya kwanta, ciwon ya taɓa hantarsa, cikinsa ya kumbura, ƙafafunsa ma haka. Na kai masa labarin. Ya saurara, ya ce, "Ashe ya samo abin da yake nema." Sai ya ce in gyara masa matashi, bayansa na ciwo. Ya rasu da damina ta kama, babban ɗansa ya ci gaba da zama a rumfar askinsa.