Zailani Mai Gyaran Jan Yumɓu

Zailani haifaffen unguwar New Bell ne, kakansa ne ya zo Duwala daga Zariya. Sana'arsa ba ta da mutane da yawa: gyaran fuskar tsofaffin gine-ginen da Jamusawa suka bari a unguwar Bonanjo, waɗanda aka yi wa ado da gasasshen jan yumɓu. Ruwan Duwala da iskar gishiri kan shiga ta tsaga, ƙarfen da ke riƙe da adon ya yi tsatsa ya kumbura, sai yumɓun ya fashe. Zailani kan ɗauki siffar wanda bai lalace ba, ya gina sabo wanda ya ɗan fi shi girma domin wuta na tsuke yumɓu, ya kai wani gidan bulo a unguwar Bassa a gasa masa.

A 1991 yana tsakiyar aiki mafi girma a rayuwarsa, wani bene na kamfanin jiragen ruwa, sai aka shiga kwanakin rufe gari na rikicin siyasa. Babu tasi, babu kasuwa, tayoyi na ci da wuta a mahaɗar hanyoyi. Da ƙafa yake zuwa Bonanjo, har ran da ya tarar da kwaɗo a ƙofa. Kamfanin ya rushe. Gidan bulon ma ya kashe wutarsa. Aka bar dandamalin katakon da yake hawa a jikin bangon, damina ta yi ta dukansa.

Ya yi dako a kasuwar kifi ta Youpwé, ya yi faci a gidajen unguwa. Matarsa Rakiyatu ta koma sayar da kunu.

Bayan an karya darajar kuɗin sefa, wani ɗan kasuwa, Alhaji Ɓoɓɓo, ya sayi benen zai mai da shi sito. Ya aika aka kira Zailani.

"An ce kai ka san bangon nan. A farfashe jan abin duka, a shafe da siminti."

"Alhaji, rabinsa na riga na gyara. A bar ni in ƙarasa."

"Malam Zailani, wa zai gasa maka? Kuma in ya faɗo kan mutum, ni za a kama. In ba za ka iya ba, akwai masu jira."

Zailani ya dawo gida ya kasa cin abinci. Rakiyatu ta ce, "Maigida, ko ka ƙi, gobe wani zai fasa. Yaran nan sun bar makaranta."

Ya karɓi aikin. Ya fara da na Jamusawa, ya bar nasa sai ƙarshe. Abokan aikinsa sun ce gudumarsa kawai ake ji. Ya kai kan jerin furannin da ya gina da hannunsa ke nan, katakon da ruwa ya cinye ya karye a ƙarƙashinsa. Ya faɗo daga hawa na biyu, ƙugunsa ya karye.

Asibiti ya fi ƙarfinsu, sai mai ɗorin gargajiya, ƙashin kuma ya haɗe a karkace. Alhaji Ɓoɓɓo ya zo dubiya sau ɗaya da buhun shinkafa, daga baya ya sama masa gadin wani shagon atamfa a kasuwar Marché Congo. A nan ya ƙare, zaune a kan benci da sanda a gefe. 'Ya'yansa babu wanda ya koyi aikin, shi ma bai nemi su koya ba. Ya rasu yana da shekara hamsin da 'yan kai.