Metir Hashim da lambar wayar ɗansa

Jama'a, a gyara zama, a kashe rediyo! Ga Metir Hashim, wato Malam Hashim, Sarkin Rabawa na duk Garuwa, mai gadon sarauta na bencin katako a gindin darbejiya, wanda ya koyar da lissafi har alli ya cinye masa yatsu. Ni ma ya koyar da ni, kafin na ga kilando ya fi aji iska, na hau babur na kama ɗaukar fasinja.

Ɗansa ɗaya ne, Ridwan, abokina. Shekarun baya ya tafi wajen Mayo-Oulo ɗauko zuwa-zuwa, fetur ɗin nan na jarka da ake shigowa da shi ta iyaka. Ba a ga babur ba, ba a ga jarka ba, ba a ga Ridwan ba. Wayarsa kullum wata mata ce ke amsawa da Faransanci, wai ba a iya samunsa.

Da Metir ya gaji da matar, sai ya daina kiran lambar, ya koma raba ta. Kullum da safe zai share ƙasa da tafin hannu, ya rubuta lambobi taran nan da tsinke. Biyu ba ta shiga, don mara ce. Uku ba ta shiga. Biyar ko kusa. Ya bi bakwai, sha ɗaya, sha uku, yanzu yana can cikin dubbai, kowace sai ta bar masa saura. Akuya ta taka, ya sake daga fari.

Matarsa, Hadje Kaltumi, abu ɗaya take roƙo: a tara mutane a yi wa yaron addu'a, a yi mata ta'aziyya kamar kowace uwa. Metir ya ce ranar da lambar ta rabu ba saura, ranar za a yi. Liman ya zo ya yi magana, Metir ya miƙa masa tsinke. Hadje ta rame har zani na zagaye ta sau biyu. Tabarmin da ta saya don zaman makoki gara ta fara ci.

Rannan ta tare ni a ƙofar gidansu. "Ilyasu, ɗana, kai da ka san waya, ba ta iya wannan abin?"

Na ce, "Hadje, wayar nan har aure take haɗawa."

Na zuba lambar a wayata. Kafin na ɗaga kai amsa ta fito: nombre premier. Wato irin lambar da ba mai raba ta sai ɗaya, sai ita kanta. Na tsaya da babur a kunne, na rasa abin dariyar da zan yi. Fuskar Hadje ban iya kallo ba. Na wuce gindin darbejiya.

"Metir, ranka ya daɗe, yau jakin ajinka ya zo da amsa. Ba ta rabuwa. Ko ka kai ƙarshen duniya da tsinken nan, ba za ta rabu ba. Ka taimaki Hadje, ka bari a yi addu'ar."

Bai ko dubi wayar ba. Ya sauko da wata lamba ƙasa, ya ja layi.

"Na ce maka ina sauri ne? Ɗaga ƙafarka, ka taka mini sifiri."