Keken da ke Wurin Gyara

Baba Tela bai taɓa yarda akwai wani abu wai shi hutu ba, in ba ranar Lahadi ba, ita ma don an rubuta ne a Littafi Mai Tsarki. Tun yana saurayi ya kama wani ɗan shago a bakin titi, tsakanin mai aski da mai sayar da magani, shagon da in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya yi ta ba da haƙuri. A nan gashinsa ya yi fari, a nan bayansa ya ranƙwafa. Da keken ɗinki guda, baƙi mai feda, ya ciyar da 'ya'yansa, ya kai su makaranta, ya yi jinyar matarsa har Allah ya ɗauke ta.

Bangaskiyarsa ba ta yawan magana ba ce. In aka ce ya yi addu'a a majami'a, sai ya yi ta kame-kame kamar ɗalibin da aka tsayar gaban aji. Amma bari ya ɗora ƙafa a kan feda, waƙoƙin sujada za su yi ta zubowa ɗaya bayan ɗaya, da muryar da ƙungiyar mawaƙa ta daɗe da roƙonsa ya bar wa Allah shi kaɗai. Yakan ce karkatacciyar kalmasa ƙarya ce, ko da tana ciki inda ba mai gani, domin Ubangiji yana duba cikin riga. 'Ya'yansa sun ji wannan magana har ta gundure su, balle Auta, wadda ya sha sa ta warware ɗinkin da kowa zai ce ya yi kyau.

Autar ce ta zama ma'aikaciyar jinya, ita ce kuma ta fara lura ƙafafunsa suna kumbura. Da ya yanke jiki ya faɗi a shago, likita ya ce zaman keke ya ƙare. Ta san halin ubanta sarai: in keken na nan, ko da rarrafe sai ya koma. Yana kwance a asibiti ta kira dillali ya ɗauke keken, ta mayar wa mai shago da makullinsa, ta gyara wa tsohon ɗaki a gidanta. Don ƙauna ta yi, wannan ba shakka. Sai dai ranar da ya tambaye ta keken, ta dubi fuskarsa, ta kasa faɗa masa gaskiya. Ta ce yana wurin Dogo, ana gyara.

Dogo mai gyaran keken ɗinki ne, abokin Baba tun suna samari, rana ɗaya aka yi musu baftisma, benci ɗaya suke zama. Sunansa ne kawai ya zo mata a baki. Ta kuma san asirinta ba zai tonu da wuri ba, domin a ƙa'idar Baba ba a yi wa mai sana'a na ƙwarai tuni. Shi kansa ba wanda ya taɓa zuwa shagonsa ya ce ina ɗinkina, ya tarar ba a gama ba. Saboda haka duk Lahadi sai su gaisa da Dogo, Baba yana jira ya ɗauko zancen keke, shi kuwa bawan Allah sai ya tambayi ƙafa, ya yi barkwancinsa, ya wuce.

Ita ce ke shan tambaya a gida. Yau ta ce ba a samu wani ƙarfe ba, gobe ta ce aiki ya yi wa Dogo yawa. Baba sai ya girgiza kai ya ce tsufa ya zo wa mutumin nan da ƙyuya. Duk sanda ya faɗi haka sai ta tashi ta shiga kicin ta hau wanke kwanon da ba shi da datti.

Ranar Jibin Ubangiji ta zo. Aka miƙo faranti layi-layi, ya iso hannun Baba, ya miƙa gaba bai ɗauki gurasa ba, ƙoƙon ma haka. Auta ta ɗauka rawar hannu ce ta hana shi. Da wata ya zagayo ya sake yin haka, mutumin da ko zazzaɓi bai taɓa hana shi cin Jibi ba, sai hankalinta ya tashi. A hanyar gida ta tambaye shi.

"Auta, ba zan ɗauki ƙoƙon Ubangiji da fushin ɗan'uwa a cikina ba," in ji shi. "Kullum ina roƙon Allah ya cire mini. Da na ga Dogo yana dariya a bakin ƙofa, sai abin ya dawo sabo. Ya fi kowa sanin ban iya addu'a ba sai a kan keken nan."

Washegari ta nemi izini a wurin aiki ta tafi neman dillali. Ya ce ai keken ya daɗe da barin hannunsa, wani baƙo ya saya, ko garinsu bai tambaya ba. Ta bi shagunan tsofaffin kaya har ƙafarta ta yi ciwo, ta ga kekuna iri-iri, ba na ubanta. Ta dawo ta same shi zaune a bakin gado, hannuwa a kan gwiwa, yana kallon bango. Ta durƙusa a gabansa ta faɗi komai, ba ta rage ko ɗaya ba.

Da ma ya yi faɗa, da ta ji sauƙi. Sai kawai ya ce ta miƙo masa takalminsa.

Ta raka shi har shagon Dogo, ta tsaya daga bakin ƙofa. Tana gani ubanta ya dafa tebur, ya sauke kumburarrun ƙafafun nan da ƙyar, ya durƙusa a cikin baƙin mai da tarkacen ƙarafa. Ya ce wa Dogo ya yi masa zunubi, ya zarge shi a zuci da abin da bai ji ba bai gani ba, ya kira shi malalaci, yana roƙo ya gafarta masa. Dogo ya rikice, yana ta ƙoƙarin ɗaga shi yana tambayar wa ya haɗa su. Baba ya ce ba kowa, zuciyarsa ce. Rashin ambaton sunanta ya fi mata zafi a kan mari, ta juya baya ta yi kukanta.

A gida bai canza mata fuska ba. Yana cin abin da ta dafa, yana shan magani a kan lokaci, yana sa mata albarka in za ta fita aiki. Har ta fara gaya wa kanta abin ya wuce.

Jibi na gaba suka zauna su uku a jere, Baba a tsakiya. Dogo ya ɗauki nasa, ya miƙa wa abokinsa faranti yana murmushi. Baba ya riƙe shi da hannu biyu, ya daɗe yana kallon gurasar, har na layin baya suka fara leƙowa. Sannan ya juyo ya ɗora mata a hannu, bai ɗauka ba.

"Ki ba ni lokaci, Auta," ya ce a hankali. "Ina ƙoƙari."

Ita ma ba ta ɗauka ba, ta miƙa wa na kusa da ita.