Gwankin da Bai Iso Soundview Ba

Duk mai sallar Juma'a a masallacin 'yan Ghana da ke unguwar Soundview a New York ya san Ishawu. Sarkin Baka suke kiransa, kuma ba don girmamawa ba. Direban motar kai kaya ne, yana raba shinkafa da doya a shagunan 'yan Afirka daga Bronx har Flatbush. Laifinsa ɗaya, bakinsa ba ya gajiya da labarin ubansa, wani maharbi a Salaga. In tsohon ya kashe gwanki, ɗungurungum ake ɗauko shi a kan sanda a dire a ƙofar gida, dattawa su raba da hannunsu, a miƙa wa babbansu kai. Shi kuwa Ishawu ya bar gida kafin a damƙa masa bindiga. Ga shi ya haura hamsin, ɗan maharbi guda, abin da ya taɓa kashewa bai wuce ɓeran kicin ba, mutanen masallaci kuma ba su bari ya manta.

A bakin wani Bature makanike ya ji cewa a dazukan Pennsylvania akwai wata dabba da ake kira elk, ta fi gwanki girma, ƙahonninta kamar rassan itace. Sai dai ba a shiga daji haka kawai. Ƙuri'a ake yi duk shekara, dubbai su nema, 'yan kaɗan su samu. Ishawu ya yi kwas ɗin farauta, ya sami lasisi, ya shiga ƙuri'a. Kuma kowace shekara sai an taɓa dokar: bana a matsar da ranar buɗe farauta, baɗi a sake iyakar yanki, wata shekarar a rage yawan mazan dabbar da za a harba. Haka zai zauna a mota yana jiran a sauke kaya yana haddace ta, shekara ta zagayo, ya zubar da ta bara ya ɗauki sabuwa. Gemunsa ya yi fari a kan wannan karatu.

Matarsa Adjara, mai aikin jinyar tsofaffi, takan ce, "Baban Hanan, in da Ƙur'ani ka riƙe haka, da yanzu kai ke jan mu salla."

Shekarar da sunansa ya fito, a tsaye ya sanar bayan sallama. Aka yi dariya, aka yi kabbara. Alhaji Sheriff, dattijon masallacin, ya ce, "To, Sarkin Baka, kan dabbar nawa ne, kar ka manta." Wasa yake yi. Ishawu kuwa ya karɓa a matsayin alkawari.

Da kaka ta yi ya tafi, ya ɗauki wani Bature ɗan yankin ya yi masa jagora. Da hantsi ya sami wani ƙaton namijin elk a bakin rafi, ya yi bisimilla ya harba. Da gwiwarsa mai ciwo ya sheƙa a guje, ya riski dabbar da sauran numfashi, ya yanka ta yanka na Musulunci. Nan ya durƙusa ya yi kuka, bai ji kunyar Baturen ba.

Jagoran ya ba shi shawara a kai wa mahauci ya zare ƙasusuwa, a zuba naman a leda, ya kuma ce masa ya tambayi abin da jihar New York ta yarda a shigo da shi. Ishawu ya girgiza kai. Nama a leda? Ai wannan kowa ma ya saya a shago. Wa zai yarda? Doka kuwa, wane ne zai koya masa doka? Aka fitar da kayan ciki, aka tura sauran a bayan mota, da kai da ƙafa da komai, ƙahonni suka hana ƙofa rufuwa, ya ɗaure ta da igiya. Ya kira Adjara ya ce a aro tukwane.

Dokar Pennsylvania ya haddace. Ta New York, inda yake kwana yake tashi, bai taɓa leƙa ta ba.

Ya tsallaka iyakar jiha kenan ya tsaya shan mai, wani jami'in gandun daji ya hango ƙahonnin. Bai ɗaga murya ba, wannan ma ya fi ciwo. Ya yi masa bayani a hankali cewa akwai cuta da ke zama a ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya, don haka an hana shigo da gawar dabbar gaba ɗaya, nama marar ƙashi kawai ke wucewa. Ishawu ya roƙa. Ya ce zai juya. Ya ce su riƙe komai su bar masa kan, an yi wa wani dattijo alkawari. Ashe kan ne ma babban laifin. Yana tsaye aka ja gwankinsa zuwa wata mota, halattaccen nama da ya yanka da sunan Allah, za a je a halaka shi kamar mushe.

La'asar sakaliya ya iso Soundview. Mata sun yanka albasa har idanu sun yi ja, maza na tsaye a bakin titi. Ya buɗe bayan mota, ba komai sai jini da gashi. Adjara ta dube shi sau ɗaya, ta juya ta aika a sayo naman sa a shagon halal, don ba a tara mutane a sallame su da yunwa.

Aka ci, aka yi ta ba shi haƙuri da irin muryar da ake lallashin maras lafiya. Ya ga sun tausaya masa, bai ga sun gaskata ba. Sai ya ciro waya ya nuna hotonsa durƙushe kusa da dabbar, wayar ta bi hannu-hannu. Da ta iso wurin Alhaji Sheriff, ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallo, ya miƙa masa abarsa.

"Masha Allah, ya yi fine," in ji shi. "Waya ɗin yanzu, ba abin da ba ya iya haɗawa."