Ranar da Umma ta Miƙe a Gaban Surukinta

Wata Asabar ce cikin kaka, shekarar da ta biyo bayan ƙaddamar da shari'a a jiharmu, ina aji shida na firamare a Zango. Na dawo daga roron gyaɗa, ƙafafuna futu-futu, 'yar ƙwarya a ka, sai na tarar da tsakar gidanmu cike da mata. Malaman makaranta ne, abokan aikin Umma, sun jeru a kan tabarmi kamar 'yan aji ɗaya. A gabansu an kife babban turminmu na surfe, an ɗora masa tsohuwar hular Babana, wai shi ne shugaban taro. Umma tana tsaye tana fuskantar turmin, leɓɓanta na motsi amma babu abin da ke fita. Wata doguwar baƙuwa mai farin tabarau ta dube ta, ta ce, "Malama, turmi ne fa. In turmi ya hana ki magana, ina ga mai hula?" Matan suka bushe da dariya har wata ta ƙware, Umma ta rufe fuska da gefen hijabinta ta koma ta zauna.

Baƙuwar nan Hajiya Gambo ce, tsohuwar malama da ƙungiyar malamai ta turo daga Katsina don ta koya wa mata shugabanci. Matan garinmu sun daɗe cikin ƙungiya, amma ranar taro can baya suke zama kusa da ƙofa, suna rarrashin goyo, in maza sun gama yanke magana sai su ce amin. Hajiya Gambo kan zo duk Asabar a motar haya, ta sauka da ledar goro da carbi a hannu. Ta koya musu yadda ake ɗaga hannu a jira izini, yadda ake kawo buƙata ɗaya tak ba a cakuɗa ta da ƙorafi goma ba, da yadda za a shirya wadda za ta mara wa mai magana baya tun kafin a shiga. Ta hana su fara magana da ban haƙuri. Takan ce, "Kunya ado ce, amma ba ta kai saƙo." Takan kuma ce wadda ta yi shiru a taro ta yarda ke nan, ko da cikinta na tafasa.

Abin da ya tara su ba ƙarami ba ne. An tura Umma da wasu mata koyarwa a ƙauyukan bakin iyaka, inda mota ba ta zuwa sai ranar kasuwa. Da can acaba suke hawa, amma a wannan zamanin gari ya fara kallon macen da ta hau bayan wanda ba muharraminta ba, ana ta magana a majalisu da bakin rijiya. Umma ta koma tafiya da ƙafa. Tana idar da asuba za ta goya ƙanina ta kama hanya ta cikin gonakin gero, ta dawo la'asar sakaliya, dugaduganta sun tsattsage. Babana, mai fataucin awaki ne zuwa Mai'aduwa, ba mai faɗa ba ne, amma ya ce in aka dawo hutu ba a maido ta gari ba, to ta ajiye aikin. Na san abin da aikin nan yake a zuciyarta. Ko tana tankaɗe za ka ji tana rera waƙar haruffa da take koya wa yara.

Matan suka zaɓi Umma ta yi magana da yawunsu a babban taro. Sai dai shugaban reshen ƙungiyar ba kowa ba ne illa kakana, mahaifin Babana, hedimastan da muke kira Malam Babba. Tun da aka kawo Umma gidan, ba ta taɓa faɗin sunansa ba, ba ta taɓa haɗa ido da shi ba. In ta ji takun sandarsa a zaure, takan durƙusa tun kafin ya shigo, ta gaishe shi da muryar da ko kaza ba za ta firgita ba. An taɓa aika Babana ya gwada masa maganar a gida, kakana ya ce shi ba ya yanke hukuncin ƙungiya a kan akushin tuwo, kada a ce ya gyara wa surukarsa. Ni kuwa jikarsa ce, amaryarsa yake kirana, har hularsa nakan fizge in gudu. Na rasa gane yadda mutumin da nake tsokana zai zame wa Umma dutse.

Makonnin nan sun fi kowane lokaci daɗi a ƙuruciyata. Ni ke ɗebo ruwa in cika randa, in share ƙarƙashin darbejiya, in yi ɓarar gyaɗa har yatsuna su yi kanta, duk don in gama da wuri in raɓe jikin rumbu ina sauraro. A lokacin na fara hayar littattafan soyayya a ɓoye, ina karantawa a bayan garke har a kira magariba. A littattafan nan jaruma kan tsaya a falo mai labule, hawaye na zuba, ta faɗi maganar da za ta girgiza kowa. Sai na riƙa ɗora Umma a wannan matsayi, ina yi mata ado da leshi a raina, ina shirya mata kalmomi masu zaƙi. Ko a filin makaranta muka bar carafke da 'yar gala-gala, muka koma wasan taro, mu aza dutse a kan gwangwani mu ce shi ne shugaba.

An yi taron a ajinmu, ranar da muka je sharar fili, muka maƙale a taga. Hajiya Gambo ta ja kunnen Umma cewa kada ta kuskura ta durƙusa, wai wanda ya durƙusa roƙo ya zo yi. Da aka ba ta izini, Umma ta taso daga baya, ta ratsa maza, ta isa gaban teburin kakana. Sai kawai na ga ta zube ƙasa. Hajiya Gambo ta dafe kai. Umma ta gaishe shi gaisuwar gida cikakkiya, ta tambayi ƙafarsa mai ciwo, ya amsa yana kallon rufi. Sannan ta dafa gwiwa ta miƙe tsaye, ta ɗaga kai, ta ce, "Na gama gaida Baba. Yanzu da shugaba nake magana." Babu hawaye, babu kalmomin da na tanadar mata. Ta faɗi nisan hanya, ta faɗi masu ciki da masu goyo, ta nemi ƙungiya ta tsaya a maido matan zuwa makarantun da ƙafa za ta kai su. Wata malama ta mara mata baya kamar yadda aka shirya. Kakana ya daɗe yana juya sandarsa, sannan ya ce a ɗaga hannu. Hannayen suka rinjaya.

Ba duka aka maido ba a wannan karon, amma Umma na cikin waɗanda suka dawo gari, ta ci gaba da koyarwa har ta yi ritaya. Kakana bai taɓa tayar mata da zancen ba, ita ma ta koma durƙusonta kamar ba ita ba. Ni kaɗai ya ce wa, yana tauna goro, "Amarya, ashe uwarki na da murya. Shekara nawa tana ɓoye mini?"

Yau ni ma ma'aikaciya ce, nakan je bitar shugabanci a manyan ɗakuna masu sanyi, a raba mana jaka da ruwan roba, kowa idonta a kan waya. Muna magana da lasifika ba tare da gabanmu ya faɗi ba, kuma alheri ne. Amma da an tashi kowa sai ta kama gabanta, ban san gidan ko ɗaya ba. Kakana da Hajiya Gambo sun riga mu gidan gaskiya, Umma ta tsufa, gwiwoyinta ba sa barin ta durƙusa ko ta daɗe a tsaye. Wani lokaci ina tsakiyar jawabi sai kewar matan nan ta kama ni, masu alli a yatsu da goyo a baya, waɗanda suke jin tsoro tare, su yi dariyar tsoron tare. Mu mun tarar da ƙofa a buɗe, su kuwa da rawar jiki suka tura ta.