Ranar da Aka Hana Ni Gaisuwa

Na yi huɗa da garma a ƙasar da ta sha rana, na yi dakon buhu a kasuwar Dawanau lokacin da ƙashina yake da ƙwari, amma ban taɓa yin aikin da ya ba ni wuya kamar tafiyar da 'yata ta sa ni a makarantarsu ba. Tafiya ce kawai. Tsawonta bai kai daga ƙofar gidana zuwa rijiyar unguwa ba, kuma ba kaya a kaina. Duk da haka na kasa.

Yarinyar sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa Uwata nake ce mata. Da ta gama sakandare ta ce makarantar zane da ƙira take so, can cikin birni, ɓangaren tufafi. Na ce ai wannan sunansa tela, ga tela nan a bakin kasuwa bai je makarantar kowa ba. Ta ce ba haka abin yake ba. Ban gane ba, har yau ma ba zan ce na gama ganewa ba, amma na ga idonta a kan abin yake, sai na kai ta.

A shekarar ƙarshe kowane ɗalibi sai ya ƙirƙiro kaya na kansa, a nuna su ranar baje kolin makaranta, a ba shi maki. Ita sai ta zaɓi kayan maza manoma. To, budurwa ba za ta ɗauki tef ta zagaye ƙugun wani ƙato a makaranta ba. Ba ta da wa namiji, ƙannenta kuwa ba su kai ba. Saura ni. Duk hutun da ta zo sai in tsaya a tsakar gida hannu a buɗe kamar mai shanya, tana awo, tana soka allurai, uwarta tana tankaɗe tana dariya ƙasa-ƙasa.

Ni kuwa ga yadda Allah ya yi ni: gajere, ga tumbi, kafaɗar dama ta fi ta hagu sauka saboda garma. Haka ta ɗinka kayan, daidai da ni, har saukar kafaɗar. Kala uku ne. Akwai rigar gona mai rinin shuni da aljihun iri da na waya, akwai taguwar shiga kasuwa, sai kaftanin Juma'a. Da aka zo gwaji a makaranta aka ba samarin da suke sa kaya suna nunawa, dogaye sirara kamar karan dawa. Ta ce wanda ya fara sawa hannun rigar a gwiwar hannunsa ya tsaya, gaban kuwa ya bar wurin da za a ɓoye ɗan akuya.

Sai ga ta a gida ana tsakiyar maimai. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ƙi tashi.

"Baba, kai za ka sa su."

"Ai kullum ni nake sawa, kina huda ni."

"A gaban mutane, Baba. A kan dandamali."

"Su wa za su kalle ni?"

"Malamai, da baƙi, da masu ba da maki. In ba su ga kayan a jikin mutum yana tafiya ba, ba ni da maki. Sai na maimaita shekara."

Maimaita shekara na ji, sauran ban ji ba. Na san yadda ta sha wuyar wannan karatu, na san yadda muka sha. Na ce to.

Ta fito da waya ta nuna min yadda ake yi. Samari ne suke tafe fuska a murtuke kamar waɗanda aka hana tuwo, su je ƙarshe, su tsaya, su juya, su dawo. Ta ce ba murmushi, ba kallon kowa, in samu wani abu a bango in kafa masa ido. In na dawo bayan labule za ta canja min na biyu da sauri, sannan na uku, don lokacin kowane ɗalibi a ƙayyade yake.

"Kuma ba gaisuwa, Baba."

"Ko sallama?"

"Ko sallama."

Na ce wannan ai ba wani abu ba ne. Mutum yakan faɗi magana da baki, bai yi shawara da ƙafarsa ba.

Na riƙa gwadawa a gona tsakanin kunyoyin gero, don na ga tsawon kunya ya yi daidai da abin da ta kwatanta. Gonakinmu kuwa a manne suke, ba inda za ka yi tari maƙwabci bai ji ba. Wanda yake iyaka da ni taubashina ne, ɗan ƙanwar babanmu, tun muna yara bakinsa yake kaina. Ya ɗago ya ce sannu da aiki. Na ce a raina yau ga gwaji ya samu. Na ɗaga haɓa, na wuce shi.

Ya yar da fartanya ya biyo ni. "Kai, lafiya? Gamo ka yi?"

"Gwaji nake."

"Sarauta za a ba ka ba mu ji ba?"

Dole na faɗa masa. Ya yi dariya har ya zauna a kan kunya ya danne min gero.

"Kai ne za ka wuce mutane ba gaisuwa? Kai da ko jaki ka gamu da shi a hanya sai ka tambaye shi kwanan iyali?"

"Ai ga shi na wuce ka."

"Ni ka raina ni ne. Bari ka ga furfura."

Ranar baje kolin na isa da wuri, ta zagaya da ni. Na ga abubuwa. Na ga tukwanen da aka yi musu baki ƙarami yadda ko ludayi ba zai shiga ba, na ga bijimi da aka haɗa da sarƙar keke da tsofaffin ƙarafan babur, kuma wallahi bijimi ne, har tozo. Akwai zanen wata mata tana sheƙar hatsi, na daɗe a gabansa, don wanda ya yi shi ya san inda iska take kai ƙaiƙayi. Wasu kuma fenti ne aka watsa, mutane suna tsaye suna gyaɗa kai. Ni ma na gyaɗa. Hannuna a baya na riƙe, don ta gargaɗe ni kada in taɓa komai.

Nunin tufafi bayan la'asar aka sa shi, a wani babban ɗaki. Aka kai mu bayan labule. Samari da 'yan mata suna ta guje-guje, ana neman almakashi, ana neman dutsen guga. Wani saurayi mai jera masu fita ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Baba, ka dai bi layin kafet, in ka je ƙarshe ka juyo. Magariba muke tsere da ita." Na ce masa kada ya damu, na yi gwaji. Uwata ta sa min rigar gona, ta gyara wuyan. Ta rataya sauran biyun a kusa, a buɗe.

Aka kira sunanta a lasifika, aka ja labule, kiɗa ya tashi kamar zai tsaga ƙirji. Na hango wata fanka a bangon ƙarshe na kafa mata ido. Na ɗaga haɓa. Na taka. Gaskiya rabin farko na yi kyau, ni kaina na ji a jikina. Har na fara tunanin abin da zan gaya wa taubashina.

Sai idona ya zame daga fanka.

A layin gaba, dab da gindin dandamalin, wani dattijo ne zaune, gemu fari fat, sanda tsakanin gwiwoyinsa. Ya girmi babanmu a shekarun da ya rasu. Daga baya na ji shi ne babban mai ba da makin, daga wani gari aka ɗauko shi. Ni ga ni a samansa, da takalmi, ƙafata daidai fuskarsa, hancina a sama. A garinmu ko a kan keke kake, ka ga irinsa, sauka kake yi. Da haka nan ya tsaya, ƙila da na cije. Amma sai ya dube ni, ya ɗan ɗaga hannu, irin yadda babba yake yi wa na ƙasa da shi in ya gan shi a wahala. Shi ya fara gaishe ni.

Ban yanke shawarar komai ba. Na dai tsinci kaina na dafa bakin dandamali na sauko, na cire takalmi, na tsuguna.

"Ina wuni, Baba."

Kunnensa ya ɗan yi nauyi, ga kiɗa, sai da na maimaita.

"Lafiya lau. Daga ina?"

Na faɗa masa.

"Ah, ƙasar gero. Ya damina a wajenku?"

To wannan tambaya ce da ba a amsa ta a tsaye. Na ce alhamdulillahi, shukar farko dai ta sha fari, wasu sai da suka sake, amma yanzu ruwa ya zauna. Ya tambayi wake. Na ba shi labarin wake. Mai kiɗan, ko tausayi ne ko neman magana, sai ya rage sauti, ɗakin nan duka ya ji halin da wakena yake ciki.

Kusa da dattijon wata Hajiya ce, ita ma mai ba da maki, da takarda a hannu. Ba a gaida mutum a tsallake na kusa da shi. Na matsa. Bayanta shugaban makaranta. Bayansa wani. Na bi layin nan a tsugune kamar mai dashen tumatir. Mutane suna dariya, suna tafi, wayoyi sun tashi sama. Ni kuwa ina ta jin daɗi, na ɗauka abin arziki nake yi, ina ce wa raina ashe mutanen birni ma sun san ladabi. Ban ankara ba sai na ji an kira wani suna a lasifika, kiɗa ya dawo, wani dogon saurayi ya wuce ta saman kaina cikin jar riga.

Na ɗauki takalmina a hannu na zagaya bayan labule. Tana tsaye inda na bar ta, taguwar kasuwa a buɗe a hannunta, tana jiran in zura kai. Lokacinta ya wuce, an ba na bayanta. Kaya biyu ba wanda ya gan su, na farkon ma a tsugune aka gan shi, aljihunan da ta kwana a kansu duk suna cikin cinyata.

Ba ta yi kuka ba. Da ta yi da na fi samun sauƙi. Ta ce, "Sannu, Baba," ta fara ninke taguwar a hankali, tana daidaita bakin hannu da bakin hannu. Saurayin mai jera mutane ya dubi furfurata, ya juya ya ci gaba da aikinsa.

Aka kira magariba, taro ya watse. Bayan salla ta je wajen malamarsu, ta daɗe. Na zauna a kan wani benci kusa da bijimin ƙarfe ina jiran ta. Da ta dawo ta ce masu ba da makin za su zagaya ɓangaren zane da safe kafin su kama hanya. In na zo, za su shiga ɗakin su ga sauran kayan, ba kiɗa, ba taro. In aka sake samun matsala kuma, shi ke nan, ba za su jira ba.

"Amma, Baba…" Ta tsaya. 'Ya ba ta iya ƙarasa wa uba irin wannan maganar.

Na ce, "Na ji, Uwata."

Gidan ƙanena na kwana, kusa da Dawanau. Ban gama cin tuwo ba wayata ta yi ƙara. Taubashina ne, ashe bidiyon da aka ɗauka har ya isa gari. Bai ce komai ba sai, "Ina wuni, Baba, ya wake?" Na kashe.

Na yi ta juya abin a raina. In na ce gobe zan wuce dattijon nan ban gaishe shi ba, ƙarya nake, kuma yarinyar ce za ta kwana a ciki. Shekaruna sun wuce a sake min ƙafa. Wanda dai ba ka sake tsuguna masa shi ne wanda kuka riga kuka gaisa.

Da na idar da asuba na hau a-daidaita-sahu, na isa ƙofar makarantar maigadi bai gama shan shayinsa ba. Na roƙe shi duk motar mai ba da maki da ta shigo ya nuna min. Hajiyar ce ta fara zuwa. Na tare ta tun ba ta rufe ƙofar mota ba, na cire takalmi, na gaishe ta, gida, yara, gajiyar jiya, ban bar komai ba. Haka na yi wa na biyu. Shugaban makaranta ma da ya zo wucewa na haɗa da shi, don ban san ko zai leƙo ba. Dattijon ne ƙarshe. Na riƙe hannunsa muka gaisa, muka koma kan damina, na ƙarasa masa labarin waken, na tambayi nasu, har sai da shi da kansa ya janye hannu.

Na ce, "Baba, anjima zan wuce ta gabanka da takalmi, ba zan kula ka ba. Kuma don Allah kada ka ɗaga min hannu."

Ya ce, "Je ka. Zan zauna a kan hannun."

Na sa takalmina, na tafi neman Uwata ta sa min taguwar.